Sifat Shah, Mai Kashe Inji a Kan Gidajen Mutane

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Shishkat, Sifat Shah ya riga ya shanye shayinsa mai gishiri, ya cusa ragowar gurasa a aljihu, ya gangara bakin tafkin Attabad. Zai kwashe ruwan da ya kwana a cikin jirgi da wani tsohon galan da ya yanke wa kai, ya duba inji, sannan ya jera rigunan ceto. Wanda duk ya ƙi sa riga sai ya sha zamansa a gaɓa, ko ɗan waye. Da sanyi ya shigo bana Sifat zai ajiye tuƙi, shi ya sa na ce bari in faɗi nasa tun yana ji da kunnensa.

Mu nan ba da tafki aka haife mu ba. Dutse ne ya zaftare ya toshe kogi, ruwa ya yi ta hawa har ya shanye hanya da gonaki da unguwar ƙasa, inda gidan su Sifat yake. Mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa hawa ba, direban a-kori-kura, dole ta sa ya koyi tuƙin jirgi. Shekarun da babu hanya, shi ne hanyarmu. Ya ɗauki buhunan dankali, ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki gawa da masu rakiyarta, ya haye da mai naƙuda ana fasa ƙanƙara da sanda a gaban jirgi. Da aka huda dutse aka yi sabuwar hanya, fasinja suka koma mota, tafkin ya zama na masu yawon buɗe ido.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Da jirginsa ya kai saman unguwar ƙasa, sai ya kashe inji, ya bar shi ya sulale shiru har ya wuce.

"Malam, mai ne ya ƙare?" in ji baƙi.

"Mai na nan. A kan gidajen mutane muke, ku ɗan sassauta murya."

In ka leƙa, shuɗin ruwa kawai za ka gani. Shi kuwa da alamun duwatsu yake gane wuri: idan wannan tsaga ta daidaita da wancan farin tabo, to gidan wane ke ƙasa. Mutanen unguwar da suka watsu sukan zo ya kai su, su yi addu'a, su koma.

Babu mai yi masa tsiya kamar Didar, wani magidanci mai wani jan jirgi da lasifika. "Kawu, kafin ka gama gaisawa da kifaye na je na dawo!"

"Je ka dawo ɗin. Kai a kan tudu aka haife ka, ruwan nan bai ci maka komai ba sai hular da iska ta cire."

Bana yanar ido ta kama Sifat. Na kusa yana gani, amma duwatsu sun zame masa hazo. Ana cikin haka Inna Gul Andam ta iso daga birnin Gilgit, inda ɗanta ya mai da ita tun da ruwa ya ci gidanta. Tsufa ya ci ƙarfinta, sai da aka ɗaga ta cak aka sa a jirgi. Kabarin mijinta yana bayan gidan, ta kuma faɗa da bakinta cewa wannan zuwan ne na ƙarshe.

Suka kai tsakiyar ruwa, ya kashe inji, ya ɗaga kai. Ya murtsuke ido, ya sake dubawa. Da ya ce mata nan ne, wa zai ƙaryata shi? Ruwa duk iri ɗaya ne. A nan na fi ƙaunar mutumin nan.

"Yaya," ya ce, "ban gani ba. Idona ya ƙi."

"Sifat, kada ka yi mini haka. Ba ni da wata shekarar da zan jira idonka."

Sai ga jan jirgin Didar ya taho da kiɗansa, babu fasinja. Sifat ya cire girman kai ya ɗaga masa hula. Didar ya matso da tsiyarsa a baki, ya dubi tsohuwar, ya haɗiye. Ya kashe lasifika, ya ɗaure jirginsa a jikin nasu, ya tsallako ya ɗauki filafili.

"Ka ga wata tsaga mai kama da bakin gatari?" in ji Sifat.

"Kawu, irinta sun yi yawa."

"Wadda ke ƙarƙashin ƙanƙara, sakarai! Ja mu hagu har ta hau kan farin tabo."

Haka suka yi ta yi, mai sani ba ido, mai ido ba sani, har Didar ya ce ta hau. Inna Gul Andam ta nannaɗe hannun riga, ta tsoma hannu cikin ruwan sanyin nan, ta daɗe tana motsa baki. Da ta shafa, sai ta leƙa ƙasa ta ce, "Tsoho, na zo. Rufin nan da na yi ta fama da kai ka gyara, ga shi nan ya yi yoyo." Sifat ya tuntsire da dariya, hawaye na bin gemunsa. Didar kuwa ya juya baya wai igiya yake gyarawa.

Sifat, kai ne hanyarmu ranar da hanya ta nutse. Kai ne ka ƙi yarda unguwarmu ta zama wurin ɗaukar hoto kawai. Kai ne kuma ka zaɓi jin kunya a gaban mai yi maka tsiya, a kan ka yi wa tsohuwa ƙaryar da ba wanda zai taɓa ganewa. Mun gode, matuƙin arziki. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a dace da aikin idon da za a yi maka.

Tun daga ranar, Didar kan biyo shi da safe kafin baƙi su fito. Tsiyar ba ta ƙare ba, sai dai yanzu yana yi yana tambaya, nan gidan wa, can gonar wa. Ku kuma sauran matuƙa, da ku 'ya'yan unguwar ƙasa da ke Gilgit da Karachi, kada ku bar masa shi kaɗai. Ku zo tun Sifat yana iya faɗa, ku ara masa idanunku. Layin gidaje ɗaya kacal Didar ya haddace, saura unguwa guda a ƙarƙashin ruwa.