Dubu Goma da Ɗaya a Allon Ajina

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu ya shigo ajina a Madarumfa ba, farkon shekarun 1970. Lokacin ina ƙaramin malami, matakin ƙasa. A ƙa'idar aiki, ba a ƙara wa malami girma sai mai duba ya zauna ya kalli darasinsa, ya ba shi maki, darakta, wato shugaban makaranta, ya sa hannu. Shekara huɗu na yi ina jiran zuwansa daga Maraɗi.

Darasin lissafi nake yi wa 'yan ajin ƙarshe, a kan lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin 7 da 11 da 101. Ina cikin bayani sai mai duban ya taso, ya karɓi alli a hannuna, ya rubuta 10001. Ya gwada raba ta da 2, da 3, da 5, da 7, da 11, duk ta ƙi. Ya ce to ga babba daga cikinsu, yara su rubuta a kaye, wato littafin rubutunsu.

Ni kuwa na san lambar nan. A hutun damina na zauna na bi ta ɗaya bayan ɗaya har ta rabu. Na matsa kusa da shi, a hankali na ce, "Ranka ya daɗe, tana rabuwa da 73."

Bai ko dube ni ba. Ya ɗaga murya ya ce ƙaramin malami ba ya gyara wa mai duba. Yara arba'in da wani abu sun duƙa suna kwafa. Na kasa haƙuri. Na ɗauki wani guntun alli na rubuta 73 sau 137, na buga a gabansu, 10001 ta fito.

Ya ɗauki jakarsa ya fita. A takardata ya rubuta rashin ladabi, bai ambaci lissafi ba ko da kalma guda.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne darakta, Mushe Garba (Mushe muke kiran malami, daga Faransanci). A ofishinsa ya buga lissafin da kansa, har sau biyu, ya ce gaskiyata ce. Sannan ya jawo takardar ya sa hannu, yana cewa in yi haƙuri, yana da iyali. Na tambaye shi ko ni daga sama na faɗo.

Aka mayar da ni wani ƙauye a bayan Safo, ƙarin girman ya jira wasu shekara uku. Matata ta haihu a can, babu likita kusa, ɗan bai yi kwana bakwai ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani: babba mai kuskure ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya buga ya gani da idonsa, sannan ya sa hannu, shi ne. Ni ma na yi darakta daga baya, shekara goma sha ɗaya, kuma duk takardar da ban yarda da ita ba, haka ta koma Maraɗi babu hannuna.