Ɗigon Jini Daga Mabiyiya

Na karɓi haihuwa ba adadi a rayuwata, da yawa ma na manta fuskokin iyayen, amma akwai wata rana guda da ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya kwashe ta. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, da damina, lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Jalingo.

A asibitin nan muna da wani dattijo mai ɗakin gwajin jini, mutumin ƙasar Mumuye, kowa Baba yake ce masa. Ya fi shekara talatin yana leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta. Madubin nasa tsoho ne, ba ya buƙatar wuta, bakin taga yake ajiye shi ya karkato hasken rana. In Baba ya shafa jininka a gilashi ya leƙa ya ce akwai maleriya, to akwai. In ya ce babu, likita ma ba ya ƙara magana. Ni kaina ban taɓa ganin ya yi kuskure ba.

Sai ga likitanmu ya dawo daga wani taro da 'yan kwalaye. A ciki akwai wasu siraran takardu, kowace ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce sabon abu ne ake gwadawa: a ɗiga jini, a tsoma takardar, a bi ta da wani ruwa, kafin a sha shayi a gama, in akwai maleriya jan layi zai fito. Ya ce ba za a ba kowa magani saboda ita ba tukuna, a dai riƙa yi ana kwatantawa da abin da Baba ya gani.

Mun yi dariya ranar, har da ni. Baba ya ɗaga guda ɗaya ya juya ta, ya ce, "Likita, wannan abu ba shi da ido. Yaya zai gani?"

Amma aka yi sati biyu, uku, takardar nan tana bin bayan Baba sawu da sawu. In ya ce akwai, layi ya fito. In ya ce babu, ta zauna fara tas. Har ya fara yi mata wasa, yana cewa ya samu ɗalibi mai ladabi.

Ranar wata Talata, ranar awo, aka kawo wata yarinya Bafulatana daga wata ruga can bayan Mayo Gwoi, surukarta na riƙe da ita. Cikinta ya kai wata takwas amma ƙarami ne. Na buɗe idonta na ga fari fat, tafin hannunta ma haka. Surukar ta ce cikin farko ya zo ba rai, shi ya sa wannan karon ta ce sai asibiti. Na taɓa jikin yarinyar, ba zafi ko kaɗan. Na ce, "Kina zazzaɓi?" Ta girgiza kai. Kasala ce kawai, da jiri in ta miƙe.

Na tura ta wurin Baba. Ya leƙa gilashi ya ce babu komai. Takarda kuwa ta fito da layi ja, ba ma mai shakka ba. Ya sake soke mata yatsa, ya sake shafawa, ya daɗe a bakin taga har wuyansa ya ƙage. Babu. Aka sake tsoma wata takardar. Layi.

Likita ya zo ya tsaya tsakanin madubin da takardar. Baba ya ce, "Na duba sau biyu. Jinin nan ba ƙwaro ko ɗaya. Yau ɗalibina ya yi ƙarya." Likita ya juyo ya ce, "Sista, ke me kika gani?" Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce ai ba ta da zazzaɓi, ƙarancin jini ne irin na masu ciki. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta riƙa cin ganye da hanta, ta dawo bayan sati biyu. A takardar rajista aka rubuta cewa sabon gwaji ya yi kuskure.

Ba ta kai sati biyun ba. Kwana tara tsakani, da hantsi, aka shigo da ita a bayan a-kori-kura, naƙuda ta zo kafin lokaci. Ta ƙara fari, numfashinta sama-sama. Kafin azahar ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, da ƙyar ta yi kuka. Na naɗe ta na ɗora a ƙirjin uwar. Uwar kuwa ko ɗaga hannu ta kasa.

Ina cikin gyara ta sai na ji ana sallama a ƙofa. Baba ne. Mutumin da tun da na fara aiki ban taɓa ganin ya tako ɗakin haihuwa ba. Ya tsaya daga waje, kansa a ƙasa, ya ce, "Sista, mabiyiya ta fita?" Na ce ta fita. Ya ce, "Ina so in gani."

Surukar tana jin haka ta miƙe ta tare kwanon da mabiyiyar take ciki. Ta ce, "A'a. Wannan namu ne, gida za mu kai mu binne. Namiji ba ya gani." Baba ya durƙusa a bakin ƙofa, da furfurarsa, ya roƙe ta da Fulatanci, ya ce, "Goggo, useni, don Allah. Ba zan ɗauka ba. Jini ɗigo ɗaya kawai, Sista ce za ta ɗebo." Ta dube shi, ta dubi yarinyar a kwance, sannan ta janye hannu. Na ɗan tsaga mabiyiyar ta gefen da take manne da uwa, na ɗiga jinin a gilashin da ya miƙo, ya tafi da sauri.

Ba a yi rabin awa ba na ji yana kwaɗa mini kira daga can ƙarshen baranda, abin da ba halinsa ba. Na iske shi tsaye, ya ja da baya daga madubin kamar wanda ya ga maciji. Ya yi mini nuni da madubin.

Na sa ido. Na sha leƙa madubin nan, na san yadda ake wahala kafin a tsinci ƙwayar maleriya ɗaya, 'yar zobe ƙarama cikin ƙwayar jini. Abin da na gani ranar ba nema ake ba. Ko'ina su ne. Kusan kowace ƙwayar jini da nata a ciki, wasu sun ƙoshi sun cika ta, ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an watsa garin gawayi. Na ce, "La'ilaha illallahu." Jinin mace ɗaya, a yatsa wayam, a nan kuma kamar kasuwar Jalingo ranar cikarta.

Baba ya ce, a hankali, "Kwana tara ina tunanin layin nan. Na ce in takarda ba ta yi ƙarya ba, to suna ɓoye a wurin da allurata ba ta kai. A nan suka zauna, suna cin abincin yaro. Ni ina duba hanya, su suna cikin ɗaki."

Daga baya likita ya yi mana bayani: takardar ba ƙwayar take nema ba, wani abu ne da ƙwayar ke zubarwa cikin jini, shi kuwa yana zagayawa jiki duka ko da ƙwayar ta maƙale wuri guda. Amma a lokacin ba wanda ya tsaya bayani. Baba da kansa ya ruga ofishin likita da gilashin a hannu, na ji shi yana cewa, "Ni ne na ce babu. Akwai. A sa mata magani yanzu." Aka ɗaura mata maganin kwinin cikin ƙarin ruwa, ƙanin mijinta ya ba da jini.

Kwana uku muna tsakanin tsoro da fata. A na huɗu ta tashi zaune ta nemi fura. Jaririyar ta kama nono a rana ta shida. Da za su tafi, surukar ta je har ƙofar ɗakin gwaji ta ajiye wa Baba ƙwaryar man shanu.

Kada a ɗauka daga nan takarda ta ture madubi. Bayan sati biyu yarinyar ta dawo garau, Baba ya duba, jini tas, amma takarda har yanzu tana nuna layi. Wannan karon shi ne da gaskiya, ta warke, saura burbushi ne kawai takardar ke tsinta. Haka suka ci gaba, wani lokaci ita ta kama abin da ya wuce shi, wani lokaci shi ya gyara mata. Yanzu gwajin nan ya cika gari, har a kemis ana yi, matasan ma'aikata ba sa ma kallonsa sau biyu. Ni kuwa har gobe in na ga layin ya fito sai gabana ya ɗan faɗi.

Abin da na koya shi ne, in shaidu biyu masu gaskiya suka saɓa, kada ka yi saurin ƙaryata ƙaramin don girman babba. Ka tambayi kanka ko akwai inda ba a duba ba. Mu mun yi wannan tambayar a makare da kwana tara, Allah ne kawai Ya sa ba mu biya da rai biyu ba.