Ranar da Hausa ta bar bakin Inna Dije

Matso kusa, 'yar nan, aje bokitin ki zauna. Kai ma da ka fara aiki kwanan nan, jawo benci. Akwai ranar da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah, ranar da na fara ganin Inna Dije, wadda aka kawo mana daga Ƙofa, wani ƙauye a ƙasar Kusada.

Ni atanda ce a ɗakin mata na wani asibiti a Kankia, har na yi ritaya. Ga wanda bai sani ba, atanda ita ce ƙasan kowa. Likita na sama, sai metiron mai kula da ɗaki, sai nas-nas, sannan mu masu shara da canza zanin gado da juya marar lafiyar da ba ta iya juya kanta. Boko dai aji uku na yi aka cire ni. Tafiya kuwa, in ka ɗauke Katsina da Kano, ban san ko'ina ba, kuma ban damu ba, ni da ɗakina da 'yan awakina. Amma Allah Ya ba ni kunne. Abin da ya shiga sau ɗaya ba ya fita. Fillanci a gadon asibiti na tsince shi, Turancin nas-nas ma haka. Har Zabarmanci ina da ɗan guntu, na gaisuwa da ciniki, daga 'yan kolin da ke zagayowa unguwarmu da rani da tabarau da sarƙoƙi.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Inna Dije ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ɗanta Malam Sani, manomi, shi ya ɗauko ta a mota. Ɗiyarta Hinde ita ce mai jinya, domin dokar ɗakin mata ke nan: mace ke kwana da mace, maza sai lokacin ziyara. Ina hutun mako aka kwantar da ita, don haka da na dawo na tarar abin ya yi nisa.

Ina shiga da moda da tsumma na ji ƙarshen ɗaki ya ɗauki karatu. Hinde ce zaune a tabarma, ta ba gadon uwarta baya, tana jan Ƙulhuwallahu da ƙarfi. Tsohuwar kuwa tana ta magana, bakinta a karkace, idonta a kan ƙeyar ɗiyarta.

Na ce, "Ke baiwar Allah, Inna na yi miki magana."

Ta ce, "Yaya, rufa mini asiri, kar ki amsa mata. Ba ita ba ce. Tun da ta farfaɗo ba ta sake Hausa ba. Mutanen ɓoye ne suka hau ta. An ce in aka amsa masu, zama suke yi."

Kun san haka muke. Wanda ya tashi da baƙon harshe a bakinsa, iska ce, kuma ba a tanka wa iska. An kawo rubutu, an kawo hayaƙin da metiron ta hana a kunna. Duk wanda ya zo dubiya daga Kusada, da ta buɗe baki sai ya kau da kai ya kama addu'a. Ba mugunta ba ce, wallahi. So ne. Gani suke suna korar mata abin da ya danne ta.

Na sunkuya zan gyara mata zani, sai na ji a cikin maganar tana cewa "hari, hari". Haka 'yan kolin nan ke cewa in sun tsaya a zaurenmu suna neman ruwa. Na ɗebo a kofi na ɗaga kanta. Ta sha kamar wadda ta kwana a daji. Na ce bari in gwada, na ce mata, "Fofo." Sannu ke nan.

Hannunta mai lafiya ya cafke wuyan hannuna. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga cokali, sai da ta bar mini shaida. Ta shiga zuba mini magana, hawaye na bin kunnenta. Ni kuwa jarina ya ƙare. Na san sannu, na san ruwa, na san nawa ne, na san rage mini. Me za ka yi wa mai ciwon ajali da rage mini?

Da Malam Sani ya zo ziyarar yamma na tare shi a baranda. Na ce, "Malam, Innarku 'yar ina ce?"

Ya ce, "'Yar Ƙofa mana."

Na ce, "A nan aka yanke mata cibi?"

Sai ya ce, "Baba dai ya auro ta can yamma, ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ta mulka, sa'ad da yake fatauci. Amma ni tunda na tashi ban taɓa jin ta yi wani yare ba. Ko kalma guda. Ta fi mu karin magana ma."

Wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ta biyo shi dubiya ta ce, "Ai ni na san zuwanta. Tana amarya in ta yi magana a bakin rijiya sai mu kwashe da dariya, muna kwaikwayonta. Rannan ta yi kuka ta rantse ba mai sake jin gwarancinta. To ba a sake ji ba kuwa." Tana faɗa tana jan bakin mayafi, ta kasa kallon ɗakin.

Muka je wurin likitar da ke duba ta, wata yarinya 'yar kudu mai hidimar ƙasa, wadda ni ke koya mata Hausa tana ce mini Mama. Ta ce ciwon nan yakan yi haka, ya share yaren da mutum ya koya da girma ya bar masa na goyo. Hinde ta ce, "Likita, shekara nawa tana Hausa? Ya za a ce ba tata ba ce?" Likitar ta ce tata ce mana, kowane baki da aro yake rayuwa. Ta ce ku kun ari asibiti da likita daga Turanci, Turancin shi ma sukari da kofi, wato gahawa, wurin Larabawa ya are su, har ya manta ba nasa ba ne. Ni dai a raina na ce yare ya ara ya riƙe har abada, amma ɗan Adam ya ara, rana ɗaya a karɓe. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai neman tafinta. A nan damina ta yi mana tsiya. Zabarmawan Kankia 'yan ci-rani ne, da ruwan farko suke naɗe kaya su tafi gida noma. Malam Sani ya bi tasha, ya bi kasuwa, ba ko ɗaya. Aka samo lambar wani a can ƙasarsu, aka kara mata waya a kunne. Muryarta ta riga ta yi ƙasa, layin yana yankewa, mutumin yana ta cewa ba ya ji. Ita kuma ta ture wayar. Ba waya take so ba, 'ya'yanta take kallo.

Yanzu Hinde ta juyo, ta riƙe hannun uwarta, tana cewa "Na'am, Inna, na'am" ga duk abin da aka faɗa. Amma maganar ta ragu. Akwai wata guda dai da tun ranar da na dawo take maimaita ta, in ta ga Sani ko Hinde. Ina wanke ta ina ji, ina juya ta ina ji, har ta zauna mini a kunne daram, ban san ko me take nufi ba.

Daga baya aka ji labarin wani tsoho Bazabarme mai yankan farce da ya zauna a Kunduru, tsufa ya hana shi komawa gida. Malam Sani ya hau babur ya ɗauko shi. Metiron ta ce mini, "Ba lokacin ziyara ba ne, amma ja labule, Hajjo, a shigo da shi." Suka iso bayan azahar. Inna Dije ta daina magana tun hantsi.

Tsohon ya tsuguna a gefen gado ya gaishe ta da yarensu, a hankali, doguwar gaisuwa. Ta buɗe ido. Leɓenta ya motsa, ba sauti. Ya yi mata kalmar shahada, ita dai wannan kowa yarensa ce. Kafin la'asar ta cika.

Muka rufe ta, muka ja gado. A baranda Malam Sani ya ce, "Shi ke nan, ba mu san mi ta so ta ce muna ba. Ko wasiyya ce."

Na ce, "Akwai guda da na riƙe." Na juya ga tsohon na faɗa masa ita yadda na ji, da karkacewar bakin da komai.

Ya sa na maimaita. Sai ya miƙe ya kama neman takalminsa. Ya ce, "Malam, ba wasiyya ba ce. Ku yi mata addu'a kawai."

Sani ya riƙe masa riga. "Baba, don girman Allah."

Tsohon ya aje takalmin. Ya ce, "Cewa take, ni ce fa. Ni ce innarku. Ku juyo."

Hinde ba ta yi kururuwa ba. Zamewa ta yi jikin bango ta zauna a siminti, ta ɗora hannu biyu a ka. Malam Sani kuwa, babban mutum mai furfura, ya tafi bakin famfo ya buɗe ruwa ya tsaya, bai wanke komai ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. A aikin nan ana tambayar suna da gari da inda ke ciwo. Ni daga ranar har na aje aiki, in aka kawo tsohuwa sai na ja mai jinya gefe na ce, da wane yare aka yi mata waƙar goyo? Kuma marar lafiya in ta yi magana, ko ba ku gane ba, ku dube ta a ido ku ce na'am. Da yawa a gidajenmu na nan, an auro su daga nesa, sun haɗiye harshensu don kar a yi masu dariya, mu kuma muka ɗauka ba su da shi.

Kai da kake jin wannan, tsohuwar da ke gidanku, in gobe ta farka da yaren da ta bari a gidan ubanta, akwai wanda zai gane ita ce ke kira?