Tsutsar Lambun Notburga

Duk ƙauyenmu na gindin duwatsun Bavariya ba lambun da ya kai na Notburga tsari. Kowane fangali, na kabeji ne ko na furanni, kewaye yake da gajeren shingen bukus, ɗan itacen nan mai ƙananan ganye da ko ƙanƙara ba ta kaɗe shi. Surukarta ce ta dasa, ita kuma ta gaji almakashin askinsa. Mace ce mai ƙyanƙyamin tsiya, ko a gabanta ka wanke cokali sai ta sake wankewa. Abin tinƙahonta ɗaya ne a duniya: in Lahadin Dabino ta matso, lambunta mata ke zuwa yankar rassan da za a ɗaura a sanduna a kai coci Fada ya sa musu albarka, tunda dabino ba ya yi a ƙasarmu.

Sai tsutsa ta shigo, koriya mai baƙin kai, tana saƙa yana tsakanin ganye tana zuba kashi. Ranar da Notburga ta buɗa shingen ta gan su cunkus suna motsi, sai da ta yi amai a bayan ɗakin itace. Ta tsinto su ta watsa wa kaji, kajin ma suka leƙa suka juya. Ta ɓoye zancen, ba ta gaya wa kowa ba. Da sanyi ya kama suka ɓace, ta ce an rabu ke nan. Ashe ƙananan suna nan nannaɗe cikin ganye suna barci, kuma da Lahadin Dabino ta matso haka mata suka yanka suka ɗaure.

Ɗumin coci ne ya tashe su. Fada na tsakiyar addu'a suka fara saukowa a kan zare, wata kan hula, wata cikin wuyan riga. Ɗaya ta faɗo cikin littafin waƙar Zenzi, maƙwabciyar Notburga, ita kuwa ta rufe littafin a kanta da ƙarfi. Wallahi har yau ina tuna koren ruwan da ya fito ta gefen takardar.

A bakin ƙofa Zenzi ta tare ta. "Yaya Notburga, ashe har dabbobinki kin kawo a sa musu albarka?"

"Ke, rufa mini baki."

"A'a, faɗa mini dai. Kin sani ko ba ki sani ba?"

Notburga ta sunkuyar da kai, matan da ke wurin duk suka gane.

A makon ta tumɓuke shingen kaf ta cinna masa wuta, lambun ya koma kamar bakin da ba haƙora. Ta tafi wajen mai sayar da dashe tana shan kunu. Ya nuna mata furen nan mai ƙamshi da ake sawa cikin akwatin tufafi, ta ce wannan da ke baje jiki kamar mashayi? Ya ɗauko wani ɗan itace daga Japan.

"Baba, dubi wannan. Kamarsu ɗaya sak da bukus, ba mai ganewa."

Ta ja tsaki. "Ni zan gane. Ɓoye-ɓoyen da na yi ya ishe ni."

Ƙarshe siririyar albasar nan da ake cin lawashinta ta jera wa fangalan. Ta yi kyau kuwa, har fure take yi, tsutsar ko kallonta ba ta yi. Sai dai ba a kai lawashi coci.

Da shekara ta zagayo, Notburga ta gasa waina mai tuffa, ta dafa kofi, ta jera kujeru a tsakar gida, wai ko don sabo za su biyo a yi ɗaurin a wurinta. Tana tsaye ta ga mata sun wuce ƙofarta da kwanduna, sun nufi gidan matar mai injin niƙa, wadda nata bukus ɗin yake nan. Zenzi ce kaɗai ta tsaya, ta leƙo ta kan danga.

"Yaya, ɗan yanko mini lawashi mana, miya zan yi in na dawo."

Notburga ta durƙusa ta yanko mata, ta miƙa. Sannan ta shiga kwashe kujerun ɗaya bayan ɗaya.