Kaset ɗin da ya raba ni da Rifkatu

Ɗazu Yaya Sani yake yi wa 'ya'yana faɗa kan ashar da tsiraici a finafinan jarumai masu tashi sama. Wai shi!

Muna yara a Ƙofar Kuyambana, shi ya shigo da irin wannan kaset ɗin. Jarumin na zabga ashar, wata mata na tuɓewa, sai ga Baba.

"Wa ya kawo min ƙazantar nan gida?"

Yaya ko ƙifta ido bai yi ba, ya nuna ni: "Ƙawarta ce, Rifkatu 'yar Wusasa."

Na ce ƙarya ne, na sha mari. Daga ranar ko zaurenmu aka hana Rifkatu takawa. Har ta rasu ba ta san laifinta ba.

Shi ya manta. Jama'a, in tuna masa a gaban yaran?