Fitilar da ke Rataye a Azara

Na fara sayar da haske da tire a ka, cocila da batir, daga kasuwar Mayahi zuwa ta Tasawa. Yau ina da butik, wato shago, a Tasawa, ina ɗauko panno, allon tara hasken rana, da fitilun sola daga Maradi. A duk sana'ar nan ba abin da na tsana kamar kwalin gwaji.

Masu tebur a kasuwa suna ajiye kwali, an liƙe cikinsa da farar takarda, an huda gefe. Mai saye ya duƙa ya kafa ido, a kunna fitila a ciki, haske ya doke shi, ya ɗago yana mutsuke ido yana cewa wannan ai rana ce. Ba ƙarya aka yi masa da baki ba. Kowace fitila rana ce a cikin kwali.

Wani mai haɗa panno ne ya fahimtar da ni, bayan mutane sun ishe ni da mayar da kaya. Lambar da ke jikin fitila, lumen, ita ce dukan hasken da take fitarwa. Wanda ya sauka a inda kake aiki kuma luks ake ce masa. In kana son sanin luks, ka raba lumen da faɗin wurin. Kamar tulun ruwa ɗaya ne: ka juye a ƙwarya ta cika har ta zuba, ka watsa a tsakar gida ko ƙura ba za ta kwanta ba. Tun daga nan na sayi ƴar na'urar awo, na daina ciniki sai na tambayi mutum girman ɗakinsa.

Yayata tana aure a wani ƙauye kusa da Baudeta. Ita ta goye ni. Ɗinkin hula take yi tun tana budurwa, da shi take sutura, da shi take fita biki ba ta roƙi kowa ba. Rana ta gona ce da daka da girki, sai bayan magariba take ɗaukar allura. Da ta haura hamsin ido ya fara gajiya. Likita ya ce shekaru ne, ya ba ta tabarau, ya ce ta nemi haske sosai. Mai karɓar hulunanta a Tasawa kuwa ya mayar mata da biyu, zane ya karkace, ya ce in na Sallah suka zo haka to ta yi haƙuri.

Mijinta ya je kasuwa, ya wuce ƙofar butik ɗina, ya leƙa kwali, ya sayo fitila. Ya rataye ta can sama a azara, tsakiyar ɗaki.

Da na je gaishe ta na tarar ta kai hula har bakin hanci. Na duba fitilar, lumen ɗari uku. Ɗakin metir uku ne a huɗu, sha biyu ke nan. Ɗari uku a raba sha biyu, ashirin da biyar, kafin ma bangon ƙasa ya sha nasa. Na aza na'ura a cinyarta, ko ashirin ba ta kai ba. Aikin allura ɗaruruwa yake so.

Na ce, "Malam, fitilar nan ba ta isa ba."

Ya kwashe da dariya. "Kun ji ɗan kasuwa! Don ba a wurinka na saya ba? Ni da na gani da idona, sai da na yi hawaye."

"A kwali ka gani. Yaya a kwali take ɗinki?"

Ya ce cikin dariya, "In ka samo babba sai mu sa ta."

Nan ne matsalar. Ni ƙanen matarsa ne, abokin wasansa. Tun ina yaro da tukku a kai yake tsokanata ina ramawa, duk abin da ya fito daga bakina wasa ne a kunnensa. Mutum yakan zo tun daga garin Cake ya zauna ya saurare ni kamar malami, amma a gidan nan ni yaron da ya ɗauko akwatin amarya ne.

Na dawo da fitila mai lumen dubu, kyauta. Ya ɗaure fuska, karon farko ba dariya. Ya ce bai gaza ba, ba za a ce ƙanen mata ne ke haska masa gida ba. Yaya ta taɓa ni ta ce, "Auta, mayar da ita." Na mayar, ina huci har Tasawa.

A hanya na yi tunani: in ba za a ƙara haske ba, a rage wurin. Da na koma na karɓi tsohon farin kwanon Yaya, na huda gindinsa, na kifa shi a kan fitilar mijin, na ƙara igiya ta sauko daidai kanta. Hasken ya taru a kan tabarma, wurin da bai kai metir ɗaya ba. Na'ura ta haura ɗari biyu. Yaya ta zura zare a karo ɗaya, ta dube ni, ta kama ɗinki.

Na ce, "Malam, taka ce dai. Ban ƙara ko ƙwayar haske ba."

Ya duba bango ya yi duhu. "To mu sauran fa? Mu zauna kamar a rijiya?"

"Ku mi kuke ɗinkawa?"

Ya yi dariya, ya ce bakina ya fi kayana kaifi. Bayan tafiyata ya cire kwanon, ya naɗe igiyar, ya mayar da fitila azara. Fitilar gida, in ji shi, ta kowa ce, kuma baƙo ba zai shigo ya ga haske a kan mace maigida yana duhu ba. Yaya ba ta faɗa mini ba. Ba ta son ta haɗa mu.

Hulunan Sallah suka je Tasawa, suka dawo. Mai karɓar hulunan da kansa ya tsaya a butik ɗina yana ba ni haƙuri, a bakinsa na ji. Ban ce fitila ce ta tsufar da idonta ba. Amma da sauran aiki a idon nan, ni na ga zare ya shiga.

Yanzu faifai take saƙawa, wanda hannu ke yi ko ba ido. Da na je bara, na tarar da fitilar a zaure, kwanon nan a kife a kanta, an sauko da ita daidai allon dara. Mijin yana nuna wa abokansa yadda haske ke taruwa in an matse shi.

Ya hango ni ya ce, "Ga mai lissafi nan! Zo ka auna mana."

Na wuce ciki wurin Yaya. Tun daga ranar ban sake yi masa wasa ba, gaisuwa kawai, cikakkiya, irin ta baƙo.