Rediyon Malam a Ranar Husufi

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, ina ɗan shekara tara a gidan kakana, Malam Haruna, a Bakura. Laraba ce, washegarin kasuwar Mafara, shanun da babanmu ya sayo suna ɗaure a ƙofar gida. Malam yana da wata baƙar rediyo mai rigar fata, an ja mata waya daga tagar ɗakinsa zuwa kan bishiyar bedi. Akwai tashar wata ƙasa mai nisa da yake jin tafsiri a cikinta. Da rana ƙara kawai take yi kamar ruwa a kan kwano, ba ta kamuwa sai magariba. Yakan ce, "Wannan tasha da rana ba su haɗa hanya." Yayata Hajara kaɗai ya yarda ta taɓa rediyon. Ita ke goge ta, ita ke shanya batir a rana, shi kuma yana koya mata ajami a gefen buzunsa.

A ranar, manya suka tafi masallaci tun da wuri, ban san dalili ba. Hajara na rijiya. Na saɗaɗa ɗakin Malam, na murɗa rediyon zuwa tashar nan. Da fari ƙara ce. Can sai murya ta fara tasowa, tana ƙara fitowa, hasken taga yana raguwa. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, shanu suka kama kuka. Na ce a raina: na kira tashar dare da rana, ga rana ta bar mata hanya. Na fizgi rediyon in kashe, waya ta riƙe ta, ta suɓuce ta bugi daɓe. Muryar ta ɗauke. Ba a jima ba haske ya fara dawowa, na tabbata ni na kashe rana.

Da Malam ya dawo ya tambaya wa ya shiga ɗakin, na ƙi cewa ni ne. Hajara ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Bai doke ta ba. Cewa ya yi, "Amana na ba ki, Hajara." Daga ranar bai sake kiranta gefen buzu ba, ni ya zaunar a wurinta.

Sai da na girma na san cewa rana kan tayar da wani shimfiɗi a sararin sama mai haɗiye dogon zangon rediyo. In ta ɓoye, da dare ko da husufi, sai muryar ta tsallako ƙasashe. Ikon Allah ne, ba hannuna ba. Amma faɗuwar rediyon hannuna ne.

Bara na je Faru, inda take aure, na durƙusa na faɗa mata ni na kayar da rediyon, da yadda na zaci na kashe rana.

"Ai na gani, takalminka na bakin ƙofa," in ji ta. "Mai kashe rana, sai yanzu?"

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma karatuna na hannunka."

Ta ɗauko allon ɗanta da tawada, muka ci gaba daga inda Malam ya tsaya da ita. Yau kowace tasha tana cikin waya, babu mai jiran magariba, Malam kuma ya riga mu gidan gaskiya. Kafin la'asar Hajara ta rubuta sunansa da hannunta, muka yi masa addu'a tare.